Tebur na Bakwai

Litinin, 3 ga Maris, da hantsi

Na koma aiki yau. Babu abin da ya canza a sito, sai kofin shayin Yaya Oyugi da ya yi funfuna a kan teburinsa. Babu wanda ya ɗauke shi, domin a nan ba a taɓa teburin wani.

Na yanke shawarar in riƙa rubuta abin da ke faruwa, kamar yadda na saba lokacin da nake gyaran labarai a gidan jarida a Nairobi: wane ne, me ya yi, a ina. Idan na jera abu a takarda yakan rage girma.

Kamfaninmu yana ƙera akwatunan sanyi masu aiki da hasken rana, matan da ke sayar da kifi a bakin tafki ne ke saye. Mu ashirin da uku ne, a cikin wani tsohon siton kifi a nan Kisumu. Yayana Oyugi ne ya kafa kamfanin, kuma tun ranar farko ya ce babu manaja, babu shugaban sashe, babu mai ba wani umarni. Duk wanda bakinsa ya suɓuce ya ce wa wani "oga", shi zai dafa shayin ranar. Kowane tebur yana da tayoyi. Idan aikin wani ya kwanta maka a rai, sai ka tura teburinka ka jingina da nasa. Aikin da ya tara teburi bakwai ya wuce, a saki kuɗi a yi shi. Ƙa'idar ke nan.

Nawa ne kaɗai ba shi da taya. Oyugi da kansa ya kwance su ranar da na fara aiki. Ya ce, "Apondi, ke ƙanwata ce. Duk inda kika tura, za a ce ni na tura." Na ga gaskiyarsa. Aikina rubuta littafin amfani da akwati ne da rahoton masu zuba jari, ba ya bukatar taya.

Nasimiyu, injiniyarmu 'yar Bungoma, ta ƙera akwatin da ba ya bukatar batir. Da rana yana daskarar da ruwa a cikin bangonsa, da dare ƙanƙarar ce ke riƙe sanyin. A tsohon akwatinmu batir ne ke mutuwa, shi ne kuma ɓarayi ke cirewa. Guda ɗaya ta yi da hannu. Kafin a yi da yawa sai an yanka ƙarfen zubi a Nairobi, wanda za a riƙa zuba roba a cikinsa ta fito da siffar akwatin. Mai yankan, Mista Sehmi, ya ce zai jira mu zuwa ƙarshen watan nan. Daga nan injinansa na wani kamfanin tankunan ruwa ne har baɗi.

Teburi shida gare ta, har da nata. Saura ɗaya.

An tambaye ni jikin Oyugi, wanda ke kwance a asibiti. Matarsa Kerubo ta riga ta faɗa mini abin da zan ce: yana hutawa, likita ta hana shi waya, yana gaishe ku. Na faɗa haka.

Laraba, 5 ga Maris, da yamma

Shida har yanzu.

Juma'a, 7 ga Maris, da la'asar

Taron Juma'a. Mun zauna a da'ira a kan lalatattun akwatuna kamar kullum. Ba mu da mai jagorantar taro, don haka aka daɗe ana kallon juna. Da can Oyugi yakan yi ɗan tari, sai wani ya fara magana. Sai yau na gane tarin nan aiki yake yi.

Nasimiyu ta miƙe ta yi bayani, a taƙaice, da hotunan ma'aunin sanyi. Da ta zauna, Mutiso ya karɓa. Shi ne wanda teburi tara ke kewaye da nasa a kan tsohon akwati mai batir.

"'Yar Bungoma, akwatinki ya yi kyau, har na ji kamar in shiga ciki in kwanta. Amma mai batir ne ke biyan albashi. Idan muka kwashe kuɗin bana muka miƙa wa Sehmi, sannan ƙanƙarar ta ƙi kwana a watan zafi, me za mu ci? Ƙanƙara?"

"An gwada a watan zafi, Mutiso. Kana tsaye a wurin kana cin gyaɗa."

"Gyaɗa na ci, ban sa hannu a komai ba."

Aka yi dariya. Mutiso ba mugu ba ne, tambayarsa kuma tana kan hanya. Abin da babu shi ne mutumin da aikinsa ne ya saurari su biyun, sannan ya ce ga abin da za a yi.

Mutum biyar sun ajiye teburansu a tsakiyar sito, kusa da na Oyugi, ba sa can ba sa nan. Baba Barasa mai walda, wanda ya jingina nasa da na Nasimiyu tun farko, ya juya gare su.

"Ku na tsakiya, me kuke jira? Motar Busia?"

Jelimo mai lissafi ta ce, "Nazari muke yi, Baba."

"Nazarin teburin da babu kowa a bayansa."

Sai na ga idanu sun dawo kaina. Jelimo ce ta tambaya, da sunan ƙauyenmu da suke kirana da shi.

"'Yar Seme, bai ce komai a kan akwatin ba?"

Na ce yana gaishe ku.

Asabar, 8 ga Maris, da tsakar rana

Asibiti. An mayar da shi ɗakin da ke kallon tafki. Kerubo ta kawo kunun gero da ƙaramin cokali. Na ba shi labarin sito gaba ɗaya, har da gyaɗar Mutiso. Ya daɗe yana kallona. An yi masa aski, askin bai yi kyau ba. Da can da ya yi kwana uku yana ƙorafi.

Da na fito ruwa ya sauko. Na tsaya a rumfar 'yan acaɓa har ya ɗauke.

Talata, 11 ga Maris, da safe

Ina shiga Baba Barasa ya yafuto ni. "'Yata, zo ki ga ikon Allah."

Teburin Oyugi ya bar inda yake. Ba da yawa ba, amma ga sawun tayoyin a ƙasa, kuma ɓangaren Mutiso ya nufa. Babu wanda ya ce shi ya tura. Kafin shayin safe kowa ya je ya leƙa ya dawo. Na ji Jelimo tana gaya wa wata cewa Oyugi ne ya aiko direbansa da asuba ya matsar da shi.

Oyugi ba shi da direba. A kan keke yake zuwa aiki.

Alhamis, 13 ga Maris, da yamma

Ya ƙara matsawa. Na kuma gano abin da ke tura shi. Don wanke kifi aka gina siton nan, daɓen yana gangarawa zuwa magudanar ruwa da ke ƙarƙashin taga, inda su Mutiso suke zaune. Kowa yakan taka birkin teburinsa. Oyugi bai taɓa taka nasa ba, domin kullum yawo yake yi da shi. A makon nan kuma ana gwajin injinan sanyi, daɓen yana ɗan rawa.

Na tara su na yi bayani. Na ajiye lemo a ƙasa, ya mirgina ya tsaya a ƙafar Mutiso. Ya ɗauka ya ɓare ya fara sha.

"Mun gode da kimiyya, 'Yar Seme. Duk shekarun nan teburin bai san da gangare ba sai yanzu?"

Na ce duk shekarun nan akwai mutum zaune a bayansa.

Jelimo ta yi murmushi. "Ai dole ki ce haka. An hana ki faɗa."

Na koma teburina, don rabin maganarta gaskiya ce.

Kafin in karɓi aikin nan na karanta abin da na samu a kan kamfanonin da ba su da manajoji. Masu yabo sun ce a nan ne sabon abu ke fitowa, domin babu mai kashe tunani tun yana ɗanye. Na gani da idona. Nasimiyu ta yi watanni tana daskarar da ruwan gishiri a gwangwanayen madara, babu wanda ya tambaye ta me take yi da lokacin kamfani. A tsohon wurin aikinta sai ta cika takardu kafin a ba ta guntun bututu. Da muna da manaja, da akwatin nan bai zo duniya ba. Masu suka kuma sun ce shugaba ba ya ɓacewa, ɓuya kawai yake yi, kuma wanda ya ɓuya ya fi wuyar tambaya. Wannan ma ina gani yanzu. Daga cikinsu babu wanda ya rubuta komai a kan gangaren daɓe.

Asabar, 15 ga Maris, da hantsi

Na raka Nasimiyu Dunga, bakin tafki, wurin Mama Adongo, wadda akwatin gwajin ke hannunta. Ta buɗe mana murfin. Karfasar jiya ce a ciki, idanunta garau.

"Akwatin nan ya fi mijina," in ji ta. "Ba ya neman kuɗin batir, ba ya kwana a waje. Ina sauran? Matan layin nan sun hana ni sakat."

A rumfar da ke kusa wata mata tana juye bokitin kifin da ya lalace, babba-da-jaka biyu suna tsaye suna jira. Akwatinta namu ne, tsohon. Batirinsa ya mutu a daren Alhamis. Ta dube mu, ta gane rigunan kamfanin.

"Sauran suna zuwa, Mama," in ji Nasimiyu.

"Wa ya hana?"

"Babu wanda ya hana."

"To wa zai ce a yi?"

Nasimiyu ta durƙusa tana duba wayar farantin hasken rana, wadda babu abin da ya same ta.

Mama Adongo ta ba mu soyayyen kifi da tuwon masara. A hanya, da muka kusa gari, Nasimiyu ta juyo gare ni. Ta ce, "Anti, da manaja ne ya ce mini a'a, da na san ƙofar da zan je in buga. Yanzu wa zan yi wa faɗa? Tebur?"

Lahadi, 16 ga Maris, da yamma

Coci, sannan asibiti. Babu canji. Kerubo ta ce akwai.

Litinin, 17 ga Maris, da tsakar rana

Uku daga cikin na tsakiya sun bi teburin Oyugi zuwa taga. Biyu daga na Nasimiyu ma sun tashi. Ɗayansu ya tsaya a gabana da teburinsa ya ce, "Anti, ina da yara a makaranta," kamar ni ce na tambaye shi. Teburi huɗu suka rage mata.

Babu wanda ya ce akwatin ba shi da kyau. Na saurara da kyau, ban ji ko mutum ɗaya ya faɗa ba.

Talata, 18 ga Maris, da safe

Na je na taka birkin teburin Oyugi, a gaban kowa, na dawo na zauna.

Laraba, 19 ga Maris, da la'asar

Kuskure ne. Wasu sun ce Oyugi ya sake tunani, ya aiko a tsayar da teburin. Wasu sun ce ni ce nake yi wa Nasimiyu aiki a ɓoye. Aka kira taron gaggawa, wanda bai da mai kira, amma kowa ya zo.

Mutiso ya ce, "Ba rigima nake nema ba. Amma ƙa'idar gidan nan guda ce kamar Allah: ba a taɓa teburin wani. Idan ke kika taɓa yau, gobe ni zan tura na Baba Barasa cikin tafki."

"Ka gwada, ɗan nan," in ji Baba Barasa. "Zan haɗa ƙafarka da kujera da walda."

Na ce to a gyara ƙa'idar, a ce teburin wanda ba ya nan a ɗaure shi. Kowa ya yarda shawara ce mai kyau. Sai wani ya tuna cewa gyaran ƙa'ida ma aiki ne, yana bukatar teburi bakwai, kuma dole su jinginu da teburin wanda ya kawo shawarar. Nawa a kusurwa yake, bayan ginshiƙi, uku ma ba za su shiga wurin ba. An yi muhawara mai tsawo a kan ko ginshiƙi yana hana jingina. Ban yi dariya ba. Da a jarida aka kawo mini labarin nan, da na mayar wa ɗan rahoton na ce masa gishirin ya yi yawa.

A ƙarshe na je na saki birkin.

Alhamis, 20 ga Maris, da yamma

Ruwa tun safe. An tambaya. Yana gaishe ku.

Asabar, 22 ga Maris, da tsakar rana

Na ja Kerubo zuwa barandar asibiti, inda ake shanya zannuwan gado.

"Ki bar ni in gaya musu."

"Ki gaya musu me?"

"Cewa tun ranar da aka kawo shi bai furta kalma ɗaya ba."

Ban taɓa faɗar haka da baki ba sai yau. A nan ma yau na fara rubutawa.

Kerubo ta gyara ɗankwalinta. Ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa. "Apondi, ke kike rubuta wa masu jari rahoto, kin fi ni sanin su. Ba akwati suka sa wa kuɗi ba, bakin yayanki suka sa wa. Ranar da kika faɗa a sito, washegari labari yana Nairobi. Mutum ashirin da uku, har da ke."

"Idan na yi shiru kuma akwatin Nasimiyu zai mutu."

"Akwati. Ni miji nake jinya." Sannan ta ce a hankali, "Mutumin da duk rayuwarsa magana ce. Ba zai tashi ya tarar an gama yi masa zaman makoki ba. Likita ta ce wasu maganarsu tana dawowa."

"Wasu."

"Yana cikinsu."

Ita ke juya shi, ita ke goge masa baki. Ni ziyara nake zuwa.

Litinin, 24 ga Maris, da hantsi

Mista Sehmi ya kira wayar sito, ni na ɗauka.

"Madam, ƙarfe na nan a ajiye, yarana suna zaune. Ku ba ni mutum ɗaya da zai ce mini e ko a'a. Wane ne babba a wurin?"

Na ce ba mu da babba.

"To wane ne ƙarami? Ko shi ku ba ni."

Ya ce Juma'a da yamma zai rufe maganar, domin Litinin masu tanki za su kawo nasu zanen.

Teburin Oyugi ya kusa taɓa na Mutiso. Yanzu ba a ma leƙawa, an ɗauka magana ta ƙare.

Talata, 25 ga Maris, da yamma

Na zauna a bayan ginshiƙi na gyara shafi ɗaya na littafin tsohon akwati, sashen yadda ake canza batir. Sau uku na gyara shi.

Laraba, 26 ga Maris, da la'asar

Na bar aiki da wuri. Kerubo ta tafi ɗauko yara, ni kaɗai ce da shi. Na matso da kujera na riƙe hannunsa na hagu, wanda ke motsi.

Na faɗa masa komai a fili, yadda ake karanta wa edita labari ta waya. Na ce, "Yaya, idan kana so a gina akwatin Nasimiyu, matse hannuna." Ya matse. Na jira, sannan na ce, "Idan kana so a bar shi, matse hannuna." Ya matse. Ma'aikaciyar jinya ta shigo ta kama hannun don ta duba jijiya, ita ma ya matse nata.

Tsohon editanmu yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: kada ka sa wa mutum a baki abin da kunnenka bai ji ba. Na riƙe ta duk shekarun da na yi a tebur ɗin gyara, na sha mayar da labari saboda kalma ɗaya da aka ƙara a zancen wani. Ba na son mutumin nan. Idan yamma ta yi yakan tsaya a tsakiyar ɗaki, ya nuna labari ya ce a buga, ya nuna wani ya ce a jefar, sau da yawa kuma mai kyaun yake jefarwa. Amma jarida tana fita kowace safiya.

Ina jin na san abin da Oyugi zai ce. Na san shi tun yana kwance rediyon babanmu. Amma sani daban, ji daban.

Alhamis, 27 ga Maris, da tsakar rana

Nasimiyu ta zo bayan ginshiƙi da gwangwanayen madaranta a cikin kwali. Ta ce za ta kai su gida, suna cin wuri.

"Anti, tambaya ɗaya. Ba sai kin faɗa mini abin da ke damunsa ba. Shi ne ke tura teburin nan?"

"Na gaya muku, gangare ne."

"Na yarda. Na auna da kaina." Ta gyara riƙon kwalin. "Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da shi ne ya ƙi, da na ce ya san abin da ban sani ba."

Ta tafi. Baba Barasa yana ta buga ƙarfe a bayan sito, ban ga abin da yake gyarawa ba.

Juma'a, 28 ga Maris, da la'asar

Zan rubuta shi a jere.

An zauna taro. Kafin a gama kallon juna na tashi na nufi taga. Na kama teburin Oyugi na juya shi na fara turawa. Hawa ne, kuma ya fi yadda na zata nauyi, taya ɗaya tana kuka. Babu wanda ya taimaka, tunda ba a taɓa teburin wani. Baba Barasa ya taso yana tafiya a gefena, hannayensa a baya, yana ture wayoyin wuta da ƙafa daga hanya. Na ratsa sito gaba ɗaya. Na jingina shi da na Nasimiyu, na taka birki.

Jelimo ta ce, "Shi ya ce?"

Zan iya yin shiru in bar su su fassara. Na yi tunanin haka, amma na ga abin da shiru ya jawo a makon jiya.

Na ce, "Shi ya ce."

"Me ya ce?"

"Ya ce, ku daina ɓata wa yarinyar nan lokaci, a gina shi, idan ya lalace mu koyi wani abu."

Haka yake magana. Har ɗaga kafaɗar da yake yi a ƙarshen zance na ji na yi. Wani ya yi dariya ya ce wannan Oyugi ne sak.

Sai ƙarar tayoyi. Jelimo ce ta fara, sai mai yara a makaranta, sai sauran. Ban ƙirga ba, an wuce bakwai tun da wuri. Na ƙarshe Mutiso ne. Ya turo nasa da hannu ɗaya, bai kalle ni ba.

Nasimiyu ba ta yi murna ba. Ta dube ni, ta daɗe, sannan ta fita waje ta kira Mista Sehmi.

Asabar, 29 ga Maris, da yamma

Ban je asibiti ba. Na ce wa Kerubo mura nake yi.

Litinin, 31 ga Maris, da hantsi

Mista Sehmi ya aiko hoton ƙarfen a kan inji, an fara yanka. Ya ce kafin ƙarshen damina za a zuba na farko. Nasimiyu ta dawo da gwangwanayenta. Sito ya cika da hayaniya, ana zane a allo, ana gardama a kan murfi. Rabon da in ji wurin nan haka tun kafin Oyugi ya kwanta.

Mutiso ya zo da shayi kofi biyu, ya jawo lalataccen akwati ya zauna kusa da ni. Ya sha nasa ya kai rabi kafin ya yi magana, kuma ƙasa-ƙasa.

"Ranar Laraba na je asibiti, kina fita ina shiga. Ƙanwar matata tana aiki a can, ita ta nuna mini ɗakin. Na ɗan zauna da shi."

Na ajiye kofina.

"Ina jin ya gane ni," in ji shi. "Ya matse mini hannu."

"Me za ka yi?"

"Ni? Ai na turo teburina, ba ki gani ba?" Ya juya kofin a tafinsa. "Akwai kwantenar batir a Mombasa. A karɓa ko a mayar? Tun Janairu ake taro a kai. Ki tambaye shi."

"Mutiso."

"Ki tambaye shi, 'Yar Seme. Zuwa Alhamis nake son amsa. Kuma kada ki ce ni kaɗai ne, dubi bayana."

Na duba. Jelimo da wasu biyu suna tsaye nesa kaɗan da kofunansu, suna kallon ruwan da ke zuba daga indararo, suna jira ya tashi.

Na ce masa Alhamis ta yi.

Laraba, 2 ga Afrilu, da yamma

Asibiti. Na jira Kerubo ta fita wanke kwano. Na faɗa masa abin da ya ce ranar Juma'a. Sannan na faɗa masa abin da zai ce gobe.